Kafin Ka Kunna Na'ura: Yadda Ake Auna Ragowar Bitamin a Fitsari

Duk shekara idan lokacin aikin bincike na kammala digiri ya zo, ba a rasa ɗalibin kimiyyar sinadarai ko na nazarin abinci da zai ce shi bitamin yake so ya auna a jikin mutane. Jini yana da wuyar samu. Sai da allura, sai da wanda ya iya ɗiba, ga shi mutane da yawa ba sa son a taɓa musu jini. To sai a koma ga fitsari, a ce ai shi ne mai sauƙi. Samunsa kam da sauƙi. Amma yawancin ayyukan da suka lalace, tun a galan ɗin tarawa suka lalace, na'ura ba ta ma san an yi ba. Wannan shawara ta ɗalibai ce da ma'aikatan ɗakin gwaji da ke son alkaluman da za su iya tsayawa a kansu gaban kowa.

Da farko ka san abin da fitsari zai iya gaya maka. Bitamin masu narkewa a ruwa, wato dangin B da kuma C, yawancinsu jiki ba ya yi musu doguwar ajiya. Idan ya ɗebi buƙatarsa, ƙoda takan zubar da saura, wani yadda ya shiga, wani kuma bayan hanta ta sauya masa kama. Saboda haka fitsari kamar juji yake: wanda ya duba shi zai san abin da gida ya ci jiya da shekaranjiya, amma ba zai san abin da ke cikin rumbu ba. Bitamin B1, B2, B3, B5, B6 da C duk haka suke, labarin cin kwanan nan suke bayarwa.

Akwai kuma wani rukuni da ke aiki a baibai. Idan wani bitamin ya yi ƙaranci, aikin da yake taimakawa a cikin ƙwayoyin jiki yakan tsaya, sai sinadarin da ya kamata a sarrafa ya taru ya malalo cikin fitsari. A nan yawa ne alamar rashi. Ƙarancin B12 yana sa asid ɗin metilmalonik, wanda ake taƙaitawa MMA, ya hau. Ƙarancin bayotin yana sa asid ɗin 3-haidiroksi-aisobalerik ya hau. Wanda bai raba waɗannan rukunai biyu ba, zai karanta sakamakonsa a juye.

Bitamin A da D kuwa, ka cire su daga lissafin fitsari gaba ɗaya, a jini ake auna su. Bitamin E yana barin wata ragowa mai suna CEHC, amma takan fito ne a ɗaure da wasu sinadarai, sai an kwance ta da enzayim kafin a gan ta. Ba aikin mai fara koyo ba ne.

Yanzu sai tarawa, kuma a nan nake so ka fi zama.

Mafi inganci shi ne fitsarin awa 24. Mutum zai zubar da fitsarinsa na farko da asuba, ya rubuta lokaci, daga nan ya tara duk abin da ya biyo baya har zuwa na farkon asubar gobe, shi ma a haɗa da shi. A takarda ba wuya. A gidajenmu kuwa akwai abin da littattafan waje ba su faɗa ba. Fitsari najasa ne, babu mai son ajiye shi a ɗaki, balle a firijin da ake sa abinci. Ga kunya: magidanci ba zai so 'ya'yansa su gan shi da galan ba, matar aure a gidan yawa haka. Idan ba ka yi wa wannan tanadi ba, za a kawo maka rabin fitsari a ce duka ke nan, ba don mugunta ba, don dai a rabu da kai lafiya.

Don haka ka zauna da mutum ka yi masa bayani da girmamawa. "Baba, na asuba na farko ku zubar kamar kullum. Daga shi, duk wanda ya zo ku yi a wannan kofin, ku juye a galan da wannan mazurarin, ku rufe. Ruwan buta kada ya shiga, ku gama ku matsa gefe sannan ku yi tsarki. In kun manta sau ɗaya, don Allah ku gaya mini, ba laifi ba ne." Wannan jumla ta ƙarshe ta fi kowace muhimmanci. Ka ba shi galan mai duhu mai cin lita 3, da kula mai ƙanƙara, da baƙar leda da zai rufe komai. Mata kuwa mace ce za ta yi musu bayani, kuma a kauce wa kwanakin al'ada. Ka zaɓi ranar da mutum zai wuni a gida, ba ranar kasuwa ba. Takardar yardarsa da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike su riga komai.

Masu bincike a Ingila, Bingham da Cummings, sun fito da wata dabara a 1983 ta gane ko an tara fitsari cikakke: a ba mutum ƙwayoyin sinadarin PABA guda 3, kowace miligiram 80, tare da abinci. Idan abin da ya dawo a fitsari bai kai kashi 85 cikin 100 ba, tarin bai cika ba. In ba ka da halin wannan, ko yawan fitsarin ma shaida ne. Baligi mai lafiya yakan yi tsakanin mililita 800 zuwa 2000 a yini. A bazara ko cikin azumi zai ragu, amma idan aka kawo maka ɗan abin da bai cika kofi biyu ba, ka sake tambaya a hankali.

Ka kuma tambayi abin da mutum yake sha. Maganin ƙarin jini, allurar bitamin da aka yi masa a kemis, lemon ƙarin kuzari, duk suna ɗauke da dangin B, kuma kwalba ɗaya ta isa ta ninka sakamakonka. Rifamfisin na masu tarin fuka yana mayar da fitsari ja-ja. Aisoniyazid yana taɓa B6 da B3. Metfomin na masu ciwon suga, idan an daɗe ana sha, yana rage shigar B12. A garuruwan bakin ruwa kuma ka sa ran samun jini a fitsarin yara saboda tsargiya. Duk ka rubuta.

Da galan ya iso, ka girgiza shi sosai, ka auna yawansa, ka rubuta, sannan ka rarraba nan take, domin kowane bitamin da abin da ke kashe shi. B2 haske ne maƙiyinsa. B1 ba ya jure abu mai kaifin kanwa, shi ya sa ma yawan kanwa a girki ke rage shi, kuma fitsarin da ya kwana a zafi, ƙwayoyin cuta sukan mayar da shi mai zarni da irin wannan kaifin. Bitamin C iska ce ke cinye shi. Tsarin da Shibata da Fukuwatari na jami'ar lardin Shiga a Japan suka yi ta amfani da shi yana da sauƙin bi: don B1, B2, B3 da B6, a zuba mililita 1 na asid ɗin haidirokulorik mai ƙarfin mol 1 a lita cikin mililita 9 na fitsari. Don bitamin C, a haɗa fitsari da asid ɗin metafosforik mai kashi 10 cikin 100, rabi da rabi. Asid a ɗakin gwaji za ka zuba shi. Ni ban yarda a ba mutum galan mai asid ya kai gidan da yara ke rarrafe ba.

Ka zuba kowane kaso a ƙananan kwalabe da yawa, ka naɗe su da takardar alminiyam, ka sa a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili, ko 80 in akwai. Dalilin ƙananan kwalabe shi ne kada ka narkar da samfuri ɗaya sau biyu. Wutar lantarkinmu kuwa ka san halinta. Ka daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ka ɗora kwabo a kan ƙanƙarar, ka bar shi cikin firizar. Ranar da ka tarar da kwabon a ƙasan kofi, samfuranka sun narke sun sake daskarewa ba ka nan.

Idan fitsarin awa 24 ya gagara, sai a ɗauki na lokaci ɗaya, an fi son na safe kafin a ci komai. Amma fa dole ka auna kiriyatinin tare da shi, in ba haka ba ruwan da mutum ya sha kawai kake aunawa. A ce mutum biyu, kowanne an sami maikirogiram 60 na B2 a litar fitsarinsa. Na farko ya sha ruwa da yawa, kiriyatinin ɗinsa giram 0.5 a lita. Na biyu ya wuni a gona, nasa giram 2.5. Raba ka gani: na farko yana da 120 a kowane giram na kiriyatinin, na biyu 24. A ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi ga manya, 80 zuwa sama ya wadatar, ƙasa da 27 kuma rashi ne. Lamba ɗaya a na'ura, amma ɗaya lafiya lau, ɗaya yana cikin rashi.

Auna kiriyatinin ba ya buƙatar tsada. Hanyar da Max Jaffe ya gano a 1886 har yau ita ce a yawancin asibitoci: asid ɗin fikirik da soda, launi ya koma ruwan goro, a karanta a na'urar auna launi wajen nanomita 500 zuwa 520. Samfurin da kiriyatinin ɗinsa bai kai giram 0.3 a lita ba, ko ya haura 3, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ajiye shi gefe a nemi wani. Sai dai ka riƙe abu ɗaya. Kiriyatinin daga tsoka yake fitowa. Yaro mai tamowa ba shi da tsoka, nasa kaɗan ne, don haka rabon zai nuna kamar yana da bitamin da yawa alhali ba haka ba ne. Wanda ya ci tsire da daddare kuma nasa zai hau. Ma'aunin manya ba na yara ba ne.

To, sai na'ura. Shawarata ga wanda ɗakin gwajinsa ba shi da ƙarfi ita ce ya fara da B2, wato ribofilabin, domin shi da kansa yake ƙyalli. Ka shiga ɗaki mai duhu da fitsarin wanda ya sha ƙwayar bitamin, ka haska shi da fitilar nan da ake duba jabun kuɗi, za ka ga kwalbar ta ɗauki wani kore-kore mai ruwan ɗorawa kamar an kunna ta daga ciki. Wannan ƙyallin ake aunawa. A na'urar auna ƙyalli, a haska da nanomita 450, a karanta wajen 525. Matsalar ita ce akwai wasu abubuwa a fitsari da su ma suke ƙyalli. Tsohuwar dabara mai kyau: ka karanta samfurin, sannan ka barbaɗa masa ɗan garin sodiyam daitayonait, wanda ke kashe ƙyallin ribofilabin nan take, ka sake karantawa da sauri kafin iska ta dawo da shi. Bambancin karatun biyu shi ne naka. Duk aikin a yi shi cikin dushi-dushin haske, a rufe taga.

B1, wato tayamin, ba ya ƙyalli sai an sauya shi. Ana zuba masa fotasiyam ferisayanaid cikin soda mai ƙarfi, sai ya koma tayokurom mai ƙyallin shuɗi, a janye shi da aisobutanol, a haska wajen nanomita 365 zuwa 375, a karanta wajen 435. Jansen ɗan ƙasar Holan, wanda tare da Donath suka fara ware wannan bitamin a tsibirin Jawa a 1926, shi ya kafa wannan hanya a 1936. Kowane samfuri sai ka yi masa abokin gwami wanda ba a sa wa ferisayanaid ba, ka ɗebe karatunsa. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, shi ma ƙyallin shuɗi yake yi a kusan wannan wurin. Wanda aka yi wa kwinin cikin makon, fitsarinsa zai ruɗe ka. A B1, ƙasa da maikirogiram 27 a giram na kiriyatinin rashi ne ga baligi, 66 zuwa sama ya wadatar.

Idan akwai na'urar HPLC, aiki ya faɗaɗa. Ita tana tura samfuri ta cikin siririn bututu mai cike da wani gari, galibi wanda ake kira C18, kowane sinadari ya fito a lokacinsa, a ga tudunsa a allon kwamfuta. Kafin ka ɗura mata fitsari, ka juya shi a santirifuj, ka tace da matacin maikiromita 0.45 ko 0.22. Bututun yana da tsada, kuma laka kaɗan ta isa ta toshe shi. Ruwan aiki, wato wanda ke ɗaukar samfurin ta cikin bututun, shi ma ya zama tataccen gaske, kuma a rufe kwalabe, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina.

Da HPLC ake auna B3, wato niyasin, kuma a ganina shi ne binciken da ya fi cancanta a yi a wuraren da masara ta zama abincin safe da dare. Niyasin ɗin masara a ɗaure yake, jiki ba ya samun yawancinsa. Rashinsa ke kawo cutar felagira: fata ta yi baƙi tana saɓa a inda rana ke bugu, ga gudawa, ga rikicewar hankali. A 1990 mutum fiye da 18,000 suka kamu da ita cikin 'yan gudun hijirar Mozambik da ke Malawi, bayan gyaɗar da ake haɗa musu da masara ta yanke. Duk inda aka tara mutanen da rikici ya raba da gonakinsu ana ba su hatsi iri ɗaya, wannan tambaya tana nan.

Niyasin ba shi ake nema a fitsari ba, 'ya'yansa ake nema: N-metilnikotinamaid da wasu biyu da ake kira 2-PY da 4-PY. Biyun ƙarshe suna bayyana da hasken UV wajen nanomita 260. Na farkon kuwa yana ɗauke da caji, ba ya tsayawa a bututun C18, yakan fice tare da tarkacen farko. Sai an sa wa ruwan aiki sinadarin da zai riƙe shi, ko a sauya bututu. Baligin da ke fitar da ƙasa da miligiram 0.8 na N-metilnikotinamaid a yini yana cikin rashi. Kuma 2-PY yakan riga shi faɗuwa, shi ya sa auna su tare ya fi auna ɗaya.

B6 ba shi da wahala a HPLC. Babbar ragowarsa ita ce asid ɗin 4-firidoksik, mai ƙyalli da kansa, kuma fiye da maikiromol 3 a yini ana ɗaukarsa ya wadatar.

Bitamin C ana iya auna shi ko ba na'ura, da shuɗin rinin nan DCPIP. Kana ɗiga shi a fitsarin da aka sa wa asid, launin yana ɓacewa, har sai wani ruwan hoda mara ƙarfi ya tsaya. Hanya ce mai kyau ta koyarwa, amma wasu sinadaran fitsari ma suna cinye rinin, don haka takan ba da fiye da gaskiya. Kada kuma ka ce wanda ba a ga bitamin C a fitsarinsa ba yana da cuta. Binciken Levine da abokansa a Amurka a 1996 ya nuna ƙoda kusan ba ta zubar da komai sai abin da ake ci ya kai wajen miligiram 100 a yini. Ma'aikatan asibiti kuma su lura: yawan bitamin C a fitsari yana iya sa tsinken gwaji ya kasa nuna suga ko jini alhali suna nan.

MMA na B12 shi ne mai wuyar sha'ani, kuma in babu na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari, wato GC-MS ko LC-MS/MS, gara a haƙura ko a aika samfuri inda take. Dalili kuwa, akwai wani asid mai suna saksinik wanda nauyinsa daidai yake da na MMA, 118, kuma ya fi shi yawa a fitsari. Idan bututu bai raba su ba, na'ura za ta haɗa su ta ba ka lamba mai ban tsoro. Ana kuma sa wa kowane samfuri ɗan rakiya tun daga farko, wato MMA da aka yi wa alama da haidirojin mai nauyi, a ƙayyadadden adadi. Duk abin da ya ɓace a hanya, ko gishirin fitsari ya danne a cikin na'ura, zai shafe su tare, sai a gyara lissafi da shi. B12 ɗin kansa kada ka ɓata kuɗi wajen nemansa a fitsari, yawan fitsarin yake bi, ba halin da jiki ke ciki ba.

Ko wace hanya ka bi, akwai shaidun da za a tambaye ka ranar kare aiki, kuma daidai ne a tambaya. Ka ja layin ma'auni da tsantsar sinadarin a matakai 6 ko fiye, waɗanda suka rufe ƙasa da saman abin da kake samu. Samfurin da ya wuce saman layi a tsarma shi a sake, ba a ƙiyasta ba. Ka ɗauki fitsari na gaske, ka ƙara masa adadin da ka sani, ka ga nawa ya dawo. Tsakanin kashi 85 zuwa 115 cikin 100 shi ake karɓa. Ka tara fitsari ɗaya mai yawa, ka rarraba shi a firiza, kullum ka sa kwalba ɗaya cikin aikin ranar. Ran da lambarsa ta kauce, aikin ranar duka abin zargi ne. Tudun da bai ninka hayaniyar na'ura sau 3 ba, ba a ce an gan shi ba, wanda bai ninka sau 10 ba kuma ba a sa masa lamba. Irin wannan sai ka rubuta cewa yana ƙasa da iyakar aunawa. Kada ka rubuta sifili.

Cikin mutanen da suka ba ka fitsari za a sami wanda sakamakonsa ya yi ƙasa ƙwarai, ko MMA ɗinsa ya yi sama. Kada sunansa ya tsaya a jadawali. Ka koma ka same shi, ka gaya masa a keɓe, ka haɗa shi da likita da takardar abin da ka gani. Kai ba za ka rubuta masa magani ba, domin fitsarin yini ɗaya bai isa hukunci ba. Likita zai nemi gwajin jini: B12 da homosistin ga mai MMA, tare da duba lafiyar ƙoda, gwajin enzayim na jajayen ƙwayoyin jini ga B1 da B2. Mai alamun felagira a fata kuwa, ko tsohon da ƙafafunsa suka fara mutuwa yana tangaɗi, a kai shi asibiti a ranar, ba sai an jira ka gama rubuta babi na huɗu ba.